Yadda Ake Auna Hasken Fitilar Mota

Direbobi da dama sukan ƙiyasta ƙarfin fitilar mota da adadin wat da aka rubuta a jikin ƙwanta. Sai dai wat ma'auni ne na wutar da ƙwan fitila yake ci. Jimlar hasken da yake bayarwa kuwa, da lumen ake auna ta. Alal misali, ƙwan halojin samfurin H7 yana cin wat 55, ya ba da lumen kusan 1,500, alhali ƙwan zenon samfurin D2S wat 35 kawai yake ci, ya ba da kusan 3,200.

Amma lumen kaɗai bai wadatar ba, domin hasken da ya watse sama, ko ya kashe idon direban da ke tahowa, ba shi da amfani, yana ma iya jawo haɗari. Haske mai amfani shi ne wanda ya sauka a kan hanya, kuma da luks ake auna shi. A ƙa'idar Turai, akan haska allo daga nisan mita 25, a duba yawan hasken da ya faɗa wurare daban-daban a jikinsa. Saboda haka, daidaita fitila da tsabtace gilashinta sun fi neman ƙwai mai yawan wat muhimmanci.