Ko Kun Sani? Taba Na Ƙarar da Bitamin C a Jini

Hayaƙin taba na cinye bitamin C da ke cikin jini, shi ya sa a shekarar 2000 masana abinci a Amurka suka ce mashayin taba na bukatar ƙarin miligiram 35 kullum, a kan 90 na namiji da 75 na mace. Da wannan bitamin jiki ke gina zaren naman da ke riƙe haƙori. Idan ya yi ƙaranci, dasashin da ya kumbura sai ya daɗe bai warke ba.

Inda abin ya fi muni kuwa, nikotin na tsuke ƙananan jijiyoyin jini. Dasashin mashayin taba sai ya ƙi yin jini ko da an goge shi da asuwaki, mutum ya ɗauka lafiya lau, alhali ƙashin da ke ƙarƙashi na ta zaizayewa har haƙori ya fara girgiɗi.

Gwaba, lemu, tattasai da garin 'ya'yan kuka duk suna da bitamin C, amma ba za su maye gurbin barin tabar ba. Mai shan taba ya je wurin likitan haƙori ko bai ga jini ba.