'YAN ƘUNSHIN DA KE YAWO CIKIN JINI

'Yan'uwa, ƙwayoyin halittar jikinmu kan saki waɗansu 'yan ƙunshi cikin jini da fitsari, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kowane ƙunshi yana ɗauke da furotin irin na ƙwayar da ta sako shi, lafiyayya ce ko mai ciwo.

To, yaya ake sanin abin da ke ciki? Masana sukan tace ƙunshin, su fasa shi, su daddatsa furotin da sinadarin tirifsin. Sai wata na'ura ta sa wa gutsattsarin cajin lantarki, ta auna nauyin kowanne. Daga nauyin nan kwamfuta take gane irin furotin ɗin.

Fatan masu bincike shi ne a riƙa gano sankara tun tana ƙarama, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.