Zaizayar Baki: Cutar da Ke Cin Fuskar Ƙananan Yara

Zaizayar baki, wadda wasu ke kira ciwon iska ko ciwon daji, likitoci kuma ke kira noma, cuta ce da ke farawa daga dasashi ta ci kumatu da leɓe, wani lokaci har da ƙashin muƙamuƙi. Sunan noma daga harshen Girka ya fito, ba ruwansa da aikin gona. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa idan ba su sami magani ba.

Bincike ya nuna ba ƙwayar cuta guda ce ke haddasa ta ba. Wani nazari da masana daga Jiniba suka yi a yankin Damagaram, aka buga a 2013, ya danganta ta da tamowa, da rashin lafiyar da yaro ya yi kwanan baya kamar gudawa ko ciwon numfashi, da sauyin ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki. Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ma suna raunana jiki su buɗe mata ƙofa.

Wannan ne ya sa batun ya shafi arewacin Zamfara kai tsaye. A watan Yuni 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 97,149 a Shinkafi da Zurmi, aka sami kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa. Rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, ya kuma katse rigakafi a ƙauyuka da dama.

Alamun farko na zaizayar baki su ne kumburin dasashi, zubar jini, warin baki da dalalar miyau, sannan kunci ya kumbura. A wannan mataki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita. In aka makara, cikin mako biyu nama kan ruɓe, fuska ta huje. Wanda ya tsira yakan buƙaci tiyata sau da yawa, ana yanko fata daga wani sashe na jikinsa a cike gurbin, a kuma saki muƙamuƙin da ya ƙage. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, yana yin wannan aiki kyauta.

A Disamba 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Amma rigakafin na farawa ne daga gida. Ya kamata iyaye a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su riƙa duba bakin 'ya'yansu, musamman bayan ƙyanda, su garzaya asibiti da zarar sun ga dasashi na jini.