Baƙo a gonar ƙasar Mora

Yara, kun san zauren baƙi. Idan matafiyi ya iso ƙauye da yamma, a kan ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma. A ƙasar Faransa akwai manoman da suka mai da wannan al'ada sana'a. Sukan ware ɗaki a gidan gonarsu. Baƙo ya biya kuɗi ya kwana, da safe a ba shi karin kumallo. Da Faransanci ana kiran ɗakin chambre d'hôtes. Irin wannan baƙo ya gaji da hayaniyar birni ne, yana so ya ga shuka da dabbobi da tsuntsaye.

To, da a ce a gonar ƙasar Mora ya sauka, me zai gani?

Mora tana gindin duwatsun Mandara, a arewacin Kamaru, wajen kilomita 60 daga Marwa. A kan dutse, kusa da ita, akwai ƙauyen Ujila na mutanen Podoko. Can manoma suna jera duwatsu hawa-hawa kamar matakala, don kada ruwan sama ya kwashe musu ƙasa.

Da asuba, tun kafin a kawo masa kunu, baƙo zai ji kukan zabin daji. In ya fito, abin da zai fara gani shi ne gawo a tsakiyar gona. Manomi mai hankali ba ya sare gawo. Wannan itace abin mamaki ne. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi. Saboda haka inuwarsa ba ta hana dawa girma, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore shar. Ƙudan zuma su sha furensa, awaki da shanu su ci 'ya'yansa, tsuntsaye su yi sheƙa a rassansa.

Tsuntsayen nan ma suna biyan kuɗin masauki. Belbela tana bin shanu tana cin ƙwari. Shamuwa takan zo da farkon damina ta cinye fara. Mujiya kuwa, wadda wasunku ke tsoro, ɓeraye take kamawa da dare, ɓerayen da ke ɓarna a rumbu.

Amma ba kowane baƙon daji ne manomi ke murna da shi ba. Bayan damina ana dasa masakwa a ƙasar laka. Idan ta yi ido, sai jan-baki su sauko mata kamar gajimare. Yara sukan wuni suna ihu suna kaɗa gwangwani.

Akwai wanda ya fi jan-baki. Wajen kilomita 60 arewa da Mora akwai gandun dajin Waza, mai faɗin murabba'in kilomita 1,700. An keɓe shi a 1934, ya zama gandun daji na ƙasa a 1968. Akwai raƙumin dawa da gwanki da zaki da giwa a ciki. Giwa ba ta san iyaka ba. Takan fita neman ruwa da abinci, kuma garke ɗaya na iya tattake aikin shekara a dare guda. Wanda aka yi wa haka, da wuya ka ce masa giwa abar sha'awa ce. Shi ya sa a makarantar ma'aikatan daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, ake koyar da yadda za a kare namun daji ba tare da an manta da manomi ba.

A da, baƙi daga ƙasashe masu nisa sukan hau Ujila, su kwana a masaukin Waza. Masu yi musu jagora da masu sayar da ƙore da tukwane suna samun kuɗi. Daga 2013 rikicin Boko Haram ya sa ƙafar baƙi ta ɗauke, wannan ciniki ya faɗi.

Tambayoyi
1. Me ya sa manomi ba ya sare gawo?
2. Wane aiki mujiya ke yi wa mai rumbu?
3. Idan baƙo ya kwana a gonarku, wane tsuntsu za ku fara nuna masa?