Randar Inna da Dam ɗin Zobe

A gidan kakarmu a Kurfi randa ɗaya ce, an girke ta a gindin darbejiya. Da bazara, idan rijiyar unguwa ta ja baya, sai an yi sammako ake samun tulu huɗu ko biyar. Masu jiran ruwan kuwa sun fi ruwan yawa: ga tukunyar tuwo, ga butar Malam, ga yara masu tafiya makaranta, ga tumaki suna kuka a turke, wanki kuma ya taru a lungu. Inna ba ta taɓa biya wa kowa bukatarsa duka ba, amma ba a taɓa kwana da ƙishi a gidan ba.

Tun kafin a sauke tulu ta gama rabonta a zuci. Na sha da na girki su ne farko, ba a taɓa su. "Kai ɗan nan, ajiye moɗar nan, na wanka yana cikin bokiti," haka take ce mini. Ƙasarin da aka wanke gero da shi na tumaki ne. Ruwan ɗauraya a zuba wa shukar barkono. Wanki kuwa ya jira Juma'a, kuma kowa ya san zai jira, shi ya sa ba a rigima a kansa.

Randar nan nake tunawa duk sanda na tsaya a bakin Dam ɗin Zobe, kusa da Dutsin-Ma. An tare kogin Karaduwa, aka gama ginin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da niyyar noman rani da ruwan sha. Ruwa ya taru, amma aikin tace shi da tura shi garuruwa sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe. Shekara 38 ke nan randa tana cike, moɗa ba ta iso ba. A tsakanin nan garin Dutsin-Ma ya ƙara baki: an kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗalibai sun cika unguwanni, kowa da bokitinsa.

To, wa za a fara ba? Mai noman rani yana son a saki ruwa tun hunturu, lokacin da tumatir da albasa ke bukata. Mai kula da ruwan sha yana son a riƙe, domin bai san ranar da damina za ta sauka ba, ga ranar bazara tana shan nata kason ba tare da ta tambayi kowa ba. Masunci ba ya son ruwa ya janye daga ciyawar gefe inda kifi ke ƙwai. Makiyayi yana neman hanyar mashaya, ita kuwa hanyar a bakin ruwa take, daidai inda lambu ya fi kyau. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne injiniya a watan Agusta: idan ya bar dam ya cika maƙil, ruwan dare ɗaya na iya tilasta masa sakin da zai cinye gonakin ƙasa, idan ya rage da wuri kuma damina ta ɗauke, ya shiga rani da randa rabi. Taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa biyar aka miƙa masa.

Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa taro. Karaduwa ba a Zobe ya ƙare ba. Yana gangarawa ya zama Bunsuru, ya faɗa Rima. Mai fadama a can ƙasa, wanda kakanninsa suka saba da ambaliyar da ke kawo laka, yana da haƙƙi a ruwan nan ko da bai san sunan Dutsin-Ma ba. Inna ma takan bar kwano guda a ƙasan randa, ta ce na baƙo ne.

A ganina ba ƙarancin ruwa ne ke haifar da faɗa ba, rashin sanin layi ne. Manomin da aka gaya wa tun kaka cewa kadada kaza kawai za a shayar bana zai rage iri, ya riƙe kuɗin takinsa. Wanda ruwa ya yanke wa bayan tumatir ya yi fure, shi ne ke komawa gida da bashi da haushi. Don haka nake fata duk watan Oktoba, da zarar an ga inda ruwa ya tsaya, ma'aikatan Hukumar Kogunan Sakkwato da Rima da na ruwan sha na jiha su zauna da Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da ardo a gaban Yandaka, hakimin Dutsin-Ma. A ware na sha tukuna, a shata hanyar shanu kafin a dasa albasa, a sa ranakun sakin ruwa, sannan a faɗe su a rediyo da masallatan Juma'a har mutanen Kurfi da Safana su ji.