Yadda Za Ku Haɗa Kundin Hotunan Gidanku

  

Kusan kowane gida a ƙasar Daura, daga cikin birni har Zango, Baure, Sandamu da Mai'adua, akwai wata leda ko tsohuwar ambulan da aka cusa a ƙasan adaka, cike da hotuna. Na tafiya Makka, na saukar Alƙur'ani, na hawan Sallah ko na Gani, da ƙananan hotunan fasfo. In ka fiddo su ka tambaya, a gida da yawa mutum ɗaya ne tak zai iya gaya maka su wane ne a ciki, galibi tsohuwa ce. Ranar da Allah Ya karɓi abinSa, hotunan nan sun zama fuskokin baƙi. Saboda haka aikin da zan bayyana maku yana da gaggawa, kuma rabinsa tambaya ce da rubutu, ba manne-manne ba.

Na san wani uba zai ce, Malam, ina hukuncin hoto? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun yi saɓani a kanta. A mazhabar Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne surar mai rai wadda take da jiki da inuwa, kamar gunki. Wadda take a shafe a kan takarda hukuncinta bai kai nan ba. Shehu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya yi littafi a kan halascin hoton kyamara, hujjarsa ita ce inuwa aka tsare, ba halitta aka kwaikwaya ba. Wasu kuma, kamar Shehu Ibn Baz, sun hana sai don lalura. Gidan da maigida ya riƙi fatawar hani, ɗa ba ya ja da mahaifinsa a kan wannan, sai ya yi kundin da rubutu zalla: sunaye, dangantaka da shekaru. Ai a hadisin da Tirmizi ya ruwaito an kwaɗaitar da mu sanin nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, kuma wannan shi ne maƙasudi. Kundi rufaffe a cikin akwati kuwa daban yake da hoton da aka rataye a bango ana girmamawa.

To, da me za a fara? Da tabarma mai tsabta da hannu wankakke busasshe. Ku riƙa kama hoto ta gefensa, domin maiƙon yatsa yana barin tabo da ba ya fita. Ku baje su, ku ware ɗakin uba daban, ɗakin uwa daban, sa'an nan ku ɗauki fensir da littafin rubutu ku tafi wurin kaka. Kada ku je mata da hoto ɗari a zama guda, za ta gaji ta kore ku. Goma sun isa.

Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya auku suke ƙirgawa, kuma nan ne ɗalibi zai nuna amfanin karatunsa. In ta ce a zamanin Sarki Abdurrahman aka ɗauka, ka san hoton bai wuce 1966 ba, domin a shekarar ne Sarki Muhammadu Bashar ya gaje shi, shi kuma ya yi sarauta har 2007, lokacin da Sarki Umar Faruk Umar ya hau. In ta ce shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira, 1973 ke nan. Shekarar da aka kashe Murtala, 1976. Lokacin da aka ba mu Jihar Katsina aka raba mu da Kaduna, 1987. In ba a tabbatar ba, ka rubuta "wajajen shekara kaza". Kada ka ƙirƙiri kwanan wata don shafi ya yi kyau. Wanda zai karanta bayan shekara hamsin zai ɗauka gaskiya ce, ka zama mai ruwayar ƙarya ke nan.

Yanzu kayan aiki. Ba su da yawa: littafin zane mai takarda fara mai kauri, fensir mai laushi irin wanda aka rubuta wa 2B, rula, almakashi, reza sabuwa, da farar takarda marar rubutu wadda za a riƙa sakawa tsakanin shafi da shafi don kada fuskokin hotuna su haɗu. A kantin littattafai za ku sami duk waɗannan. In mai kanti yana da takardar da aka rubuta cewa ba ta da asid, ita ta fi. Asid ɗin nan shi ke sa jarida ta yi ja ta riƙa karyewa, kuma yana ratsawa zuwa ga hoton da ya daɗe manne da ita. Don haka kada a naɗe hoto a jarida ko takardar buhun siminti.

Abin da za ku guje wa ya fi abin da za ku saya muhimmanci. Akwai albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda ake ɓantarewa a manna hoto a mayar. Yana da kyan gani ranar da aka saye shi, amma bayan shekaru danƙon yana yin ja, ya kama bayan hoton, in ka ja sai ya yage. Haka albam mai aljihun leda mai warin sabuwar roba, zafin bazara irin namu yana sa ta manne a fuskar hoto ta ɗebe launinsa. Ka shinshina kafin ka biya, marar wari ita ce zaɓi. Salatif yana barin tabo mai ruwan ƙasa. Fil da allurar maƙala takarda suna tsatsa da damina. Ƙullun rogo ko na fulawa da yara ke manna takarda da shi kuwa, wannan kiran gara da kyankyaso ne zuwa walima. Sai kuma liƙe hoto a cikin leda da na'ura mai zafi, kamar yadda ake yi wa katin shaida. Mutane suna ganin gata ne, alhali ba a iya warware shi, in ya lalace ya lalace. Ku yi wa kwafi in kuna so, ban da na asali.

To in babu gam, yaya hoton zai zauna? Da sauƙi. Ɗora shi a inda kake so a shafi, ka sa ɗigo da fensir a kusurwoyinsa huɗu, ka ɗauke shi. Ka sa kwali a ƙarƙashin shafin, ka tsaga gajeren layi a karkace a kowace kusurwa da reza, sa'an nan ka zura kusurwoyin hoton a ciki. Zai zauna daram, kuma ranar da ɗan'uwa ya zo daga Zinder yana son kwafi, sai a zare a mayar ba tare da ɓarna ba. Yara ƙanana su bar wa yayyensu aikin reza. Kada kuma a datse tsohon hoto don ya yi daidai da shafi. Sau da yawa abin da ke gefen, tsohon zaure ko rumbu ko wata mota, shi ne zai gaya mana wuri da zamani.

A ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta suna cikakke da laƙabi, dangantaka, wuri, dalilin ɗauka da shekara. "Baba" kawai ba ta isa ba, baban wa? Ina ba ku shawara ku rubuta da ajami da boko duka biyu, da shekarar Hijira da ta Miladiyya, domin kaka ta karanta nata, jika ya karanta nasa. A bayan hoton ma ka sa sunan da fensir, a hankali, kusa da gefe. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana fitowa ta gaba. Tawadar allo fa? A'a. An yi ta ne don a wanke, laima kaɗan za ta narkar da ita.

Wajen ajiya ku yi koyi da malamanmu na zaure, waɗanda suka tsare littattafan hannu shekara da shekaru a cikin tadarishi da gafaka. Ku naɗe kundin a farin ƙyalle saboda ƙurar hunturu, ku sa a akwatin ƙarfe, ku ɗora akwatin a kan wani abu don kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. A nisanta shi da madafa da inda rufi ke yoyo da hasken rana. Sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, a buɗe a duba. In ruwa ya taɓa hotuna, a raba su tun suna jiƙe, a shanya a inuwa fuska sama. In sun bushe a manne kada a ɓantare da ƙarfi.

Hotunan waya ma suna cikin hatsari, don waya tana ɓata, katinta yana mutuwa. Ku zaɓi ashirin ko talatin a shekara ku kai a wanke. Ku ba mai hoto na asali daga wayar, domin wanda ya bi ta WhatsApp an riga an rage masa inganci. Tsofaffin kuma ku ɗauke su da waya a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba, ku aika wa dangi biyu ko uku.

Tanbihi na ƙarshe ya shafi mata. Hoton da uwa ko yaya ta ɗauka a ɗaki ba lulluɓi, ko na kwalliyar biki, ba ya shiga kundin da za a miƙa wa baƙo a zaure. A yi masa kundi na biyu wanda zai zauna a hannun uwargida. Kuma kafin ka sa hoton kowace mace, ko ka ɗauke shi da waya, ka nemi izininta. In ta ce a'a, ka rubuta sunanta da nasabarta ka bar gurbin.

Wanda ya haɗa shafi biyar na farko ya kawo wa malamin ajinsu ya duba masa rubutun ajamin kafin ya ci gaba.