Kalmar "grow": girma ne, ko tsiro, ko noma?

A filin koyon Ingilishi na wannan mako mun tsaya kan kalma guda, "grow". Da yawanku na Maraɗi da Damagaram da Faransanci kuka yi boko, amma fatauci ko neman magani kan kai ku Katsina da Kano, kuma can za ku yi ta cin karo da ita.

Ma'anarta ta farko girma. "The child is growing", yaro yana girma. To, inda Faransanci ya ware kalmomi uku, "grandir" ga yaro, "pousser" ga tsiro, "cultiver" ga noma, Ingilishi ya tara su cikin wannan ɗaya. "The millet is growing", gero yana tasowa. "I grow millet", gero nake nomawa. Ba abin mamaki ba ne, ai tushenta ɗaya da "green" da "grass", wato kore da ciyawa.

Amma fa kada ka ce "I grow my children". Mai jin Ingilishi zai ɗauka shuka su ka yi a gona. Renon 'ya'ya "raise" ne ko "bring up". Abin da ya wuce kuwa "grew" ake cewa, ko "has grown". Babu "growed".

Inda muka fi so ku kasa kunne shi ne sunan da ya fito daga gare ta, "growth". A labarai in kun ji "economic growth", bunƙasar tattalin arziki ake nufi, abin murna. A bakin likita kuwa zancen daban ne. In ya duba ka ya ce akwai "a growth" a wuya ko a mama, ba cewa yake ka yi ƙiba ko jiki ya yi kyau ba. Ƙari yake nufi, wani nama da ya tsiro inda bai kamata ba. Ba kowane ƙari ne ciwon daji ba, sai an yi gwaji ake tantancewa, shi ya sa zai ce ka dawo. Kada mai yi maka tafinta ya fassara shi da "girma" ka koma gida ka miƙe ƙafa.

Kumburi kuma, irin na targaɗe ko harbin kunama, ba "growth" ba ne. Sunansa "swelling", ƙafa in ta kumbura a ce "my leg is swollen".